Ai Na Gama Magana da Mai Gida

A layinsu babu wanda ya tuna sunansa na gaskiya. Barni ake ce masa, saboda duk abin da ya taso, ko famfo ne ya fashe ko mota ce ta ƙi tashi, kafin kowa ya buɗe baki zai daki ƙirji ya ce, "Ku bar ni da shi." Masu tsokana kuwa, da ya juya baya sai su lanƙwasa harafin farko su ce Ɓarni. Sana'arsa gyaran fanka da dutsen guga, kuma yana gyarawa ɗin, sai dai fankar da ta shiga shagonsa da ƙara ɗaya takan fito da biyu.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a maƙogwaro: surukarsa. Tun da ya auri 'yarta, tsohuwar nan ba ta taɓa ce masa "ka kyauta" ba. Ya kai mata fanka, ta ce iska ta yi yawa. Ya rage, ta ce to ina amfaninta. Amma babban ɗanta, wanda kowa ke kira Akanta, ko kofin ruwa ya miƙa mata sai ta ce, "Ka kyauta, ɗana," har da dafa masa hannu. Barni yana gefe yana haɗiyar yawu.

Sai ga dama ta faɗo. Likita ya tura Mama, surukar tasa, babban asibitin ido da ke wani gari mai nisa, za a yi kwanaki ana duba ta. Aka taru a falonta don shirya tafiya. Akanta ya gyara tabarau ya ce ya riga ya yi magana da otal ɗin da suka saba sauka.

"Otal?" in ji Barni, ya yi wata dariya har da buga cinya. "Haba Yaya, kai har yanzu otal? Ai duniya ta wuce wajen. Yanzu gida ake kamawa ta waya. Gida sukutum, da falo da kicin da komai, ka yi kwanakinka ka kama gabanka. Otal me ake ba ka? Ɗaki kamar kwalin ashana, sabulu kamar ƙwayar magani, tawul ɗin da ya goge rabin gari. Ka nemi ruwan zafi, a ce danna lamba. Ka danna lamba, a ce jira."

"A otal in abu ya lalace akwai wanda zan kama," in ji Akanta. "A gidan naka wa zan kama?"

"Mai gida mana."

"Ka san shi?"

"Muna rubuta wa juna saƙo kamar ciki ɗaya muka fito."

"Ka taɓa ganinsa?"

"Yaya, kai ka taɓa ganin mai otal?"

Mama, wadda take zaune tana ƙifta idanunta masu hazo, ta ce ita dai ta gaji da a kai ta a kulle a ɗaki ita da talabijin, babu mai cewa sannu sai mai shara. A gwada na wannan ɗin. "Wannan ɗin" shi ne Barni. Akanta ya ce to, amma shi zai riƙe ɗakinsa na otal, a nan kusa da su, saboda halin rayuwa.

A hanyar gida matar Barni ta ce, "Baban yara, ka san halin Mama. In ka kunyata ni a gabanta, wallahi ba ka ƙara buɗe baki a taron gidanmu."

"Madam, bar ni da shi."

"Kalmar nan ce fa take tsinka mini zuciya."

Ranar tafiya suka isa da rana tsaka. Akanta ya wuce otal ɗinsa, tasi ta sauke sauran a gaban wani dogon gini mai gidaje bisa gidaje. Barni ya zaro waya ya karanta saƙon mai gida da ƙarfi, har direban tasi ya ji: "Hawa na biyu, ƙofar hagu. Na ajiye makulli a ƙarƙashin tukunyar fure. Ka ji kamar gidanka."

"Kun ji ko? Kamar gidanka. Wane otal ne ya taɓa ce wa mutum haka?"

Ya saɓa akwati a kafaɗa, ya rungumi jaka, matarsa ta riƙo Mama, suka hau matakala. Da suka kai saman farko ya dire kaya ya ce an iso.

"Nan hawa na ɗaya ne," in ji matar.

"Madam, ƙirga da kyau. Ƙasa ɗaya. Nan biyu."

"Ba a ƙirga ƙasa. Ƙasa ai ba hawa ba ce."

"To da muka shigo, a iska muka taka?"

"Ka tambayi mai gidan mana."

"In tambaye shi ƙirgen ɗaya da biyu? Ya ce wane irin baƙo na samu?"

A bakin ƙofar hagu kuwa ga tukunyar fure. Barni ya ɗaga ta da ɗan yatsa kamar mai rufa-ido, sai ga makulli. Ya ɗaga shi sama ya kaɗa a gaban hancin matarsa. Abin da bai sani ba, a ginin nan kowa a ƙarƙashin tukunyar fure yake ɓoye makullinsa, kuma kowa gani yake shi kaɗai ya san dabarar.

Ƙofa ta buɗe. A bakin shiga ga silifas a jere, manya da ƙanana.

"Duba tsari," in ji Barni. "Ba su san ƙafar baƙo ba, sai suka tanadi kowace lamba."

"Wannan ai ya tsufa, har diddige ya cinye shi."

"An tausasa shi ne, don kada ya ciji baƙo."

A bango ga hotuna: wata mata mai faɗin kafaɗa, wani ɗan siririn mutum a gefenta yana murmushin neman gafara, da yara cikin kayan makaranta.

"Su wane ne waɗannan?" in ji matarsa.

"Ado ne. A otal hoton jirgin ruwa ake rataya maka, jirgin da ba ka san inda za shi ba. Nan kuwa mutane ake sa maka, don kada ka yi kewar gida."

Matar ta zaunar da Mama a babbar kujerar da ke kusa da taga. Tsohuwa ta shafa hannun kujerar, ta ja iska ta hanci, ta ɗan yi murmushi. Barni ya ga murmushin nan. Ya ce a ransa saura ƙiris.

A kan teburin cin abinci ga kula a rufe, da faranti ɗaya da cokali ɗaya. Ya buɗe, tururi ya bugi fuskarsa: shinkafa da miya, da cinyar kaza kwance a sama.

"Allahu akbar! Abincin maraba!"

"Faranti ɗaya, mu uku?"

"Ni na yi rajista, ni aka sani."

"Baban yara, rufe kular nan."

Ya zuba wa Mama, ta ce ta ƙoshi. Ya zuba wa matarsa, ta ce ko a mafarki. Ya ce to kada a ɓata wa mai gida rai, ya ja kujera ya zauna ya share kular tas, ya tsotse ƙashi ya jera shi a gefen faranti. Yana cikin suɗe yatsu sai ga wata ƙatuwar kyanwa ta fito daga bayan labule, ta tsaya tana kallonsa irin kallon da ake yi wa wanda ya zauna a kujerar da ba tasa ba.

"Yauwa, ga laifi na farko," in ji shi. "Babu kyanwa a cikin abin da na kama."

"Akwai ƙararrawa a wuyanta," in ji matar. "Ta wani ce."

"To ta koma wajen wanin."

Ya ɗauki tsintsiya. Kyanwa ta haye kan firij, ya bi ta. Ta dira kan kujera, ya bi ta. Ta shige tsakanin ƙafafunsa, ya zauna daɓas a ƙasa. Da ƙyar ya kora ta waje, tana fita ƙofar da ke kallon tasu ta buɗe, wata maƙwabciya ta leƙo, hannunta duk kumfar wanki.

"Sannunku. Baƙi aka yi?"

"Mu ne masu gidan na 'yan kwanaki," in ji Barni yana haki.

"Masu gidan? Malama ta sani?"

"Ban san wata Malama ba. Ni na gama magana da mai gida."

Maƙwabciya ta dube shi, ta dubi kyanwar da ke sauka matakala, ta dubi shinkafar da ta maƙale masa a gemu.

"Au, da maigidan kuka yi? To, Allah ya kyauta."

Ta ja ƙofarta da sauri. Barni ya juyo da fara'a. "Kin ji? Har maƙwabta sun fara maganar kyauta. Saura ta Mama."

Ya zauna ya rubuta wa mai gida saƙo: "Ranka ya daɗe, mun shiga lafiya. Abinci ya yi daɗi, sai dai gishiri ya ɗan yi ƙasa. Kyanwa kuma na sallame ta." Ba a jima ba amsa ta zo: "Wane abinci? Wace kyanwa?"

Ya nuna wa matarsa. "Kin ga mutumin kirki. Ya yi alheri yana ɓoyewa."

"Ni kuma abin da na gani, mutum ne yake tambaya wane abinci."

"Ke ba ki san manyan mutane ba."

A lokacin ne Mama ta ce zafi. Barni ya yi wuf ya kunna fankar sama. Fanka ta fara juyawa tana ƙiiƙ, ƙiiƙ, a hankali, irin ƙarar da mutanen gida suka saba da ita har suke barci da ita. Kunnen Barni ya miƙe. Wannan ai fagensa ne. In Mama ta ga ya gyara fanka a gabanta, cikin gidan da shi ya samo, ai dole bakinta ya buɗe.

"Ku bar ni da ita."

"Kada ka taɓa," in ji matar.

Ya riga ya zaro sukudireba daga aljihu, don ko wanka za shi da ita yake tafiya. Ya janyo teburin cin abinci zuwa tsakiyar falo, ya ɗora kujera, ya haye. Fiffike na farko ya sauko lafiya. Na biyu ya sauko da ƙurar shekara da shekaru. Na uku ya sauko da kansa, ya bi ta kan kular, murfinta ya yi gefe yana rawa. Daga nan baƙin mai ya tsiyayo daga cikin fankar, ya bi hannunsa, ya sauka a farar rigarsa ta tafiya. Notuna suka watse, wasu ƙarƙashin kujera, ɗaya cikin silifas.

"An gama?" in ji Mama.

"An kusa, Mama. An gano ciwon."

"Iskar fa?"

"Tana hanya."

Ya sauko ya shiga ɗakin barci neman tawul, ya buɗe durowa, ya gan ta cike da kaya a goge a jere. Ya yi kabbara. A otal rigar wanka ɗaya tak ake ba mutum, ita ma in ya tafi da ita a biyo shi har tasha. Ya zaɓi wata doguwar riga shuɗiya ta shan iska ya zura. Mai rigar ɗan ƙaramin mutum ne, don haka doguwar riga ta tsaya wa Barni a gwiwa, hannunta kuma a gwiwar hannu, ƙirji ya ɗame kamar an ɗaure buhu. Ya fito yana taku ɗai-ɗai.

Matarsa ta rufe fuska da gyale. Mama ta ƙura ido ta ce, "Wa ya shigo?"

"Ni ne, Mama."

"Af."

Ya kira Akanta a waya. "Yaya, bar kwalin ashanar nan ka zo ka ga yadda ake sauka. Hawa na biyu, ƙofar hagu. Ka yi sauri, amma abinci ya ƙare."

Bai gama sa wayar a aljihu ba ƙofa ta bugu da bango. Matar da ke cikin hoton ce tsaye, da jaka a kafaɗa da alli a hannun riga, ta fi hoton faɗi. Malamar makaranta ce, maƙwabciya ta kira ta a waya ta baro aji. Ta dubi tebur a tsakiyar falo da kujera a kansa. Ta dubi fankarta, saura kai kamar kazar da aka fige. Ta dubi kula a buɗe da ƙashi a jere. Sannan ta dubi rigar.

"Sannu da zuwa," in ji Barni. "Mai shara ce? Kin yi latti, amma ba komai. Fara da ƙarƙashin kujera, akwai notuna."

Matar Barni ta ce, "Innalillahi," a hankali.

"Mai me?" in ji Malama.

"Ko mai girki ce? To gishiri..."

"Bawan Allah, wane ne kai, kuma me kake yi a cikin rigar mijina?"

"Baiwar Allah, sassauta murya, akwai mara lafiya. Gidan nan na kama shi. Na gama magana da mai gida, na biya shi, ya ce in ji kamar gidana."

Malama ta ɗauka mijinta yake nufi. Ta sauke jaka a hankali.

"Maigidan ne ya ce maka haka?"

"Da hannunsa ya rubuta."

"Ya karɓi kuɗi?"

"Tun kafin mu taso."

"Har da ɗakin barci?"

"Gida sukutum."

Malama ta juya ga maƙwabciya, wadda ta riga ta shigo har tsakiyar falo ba tare da an ce ta shigo ba. "Kin ji ko? Bara ya ba da aron firij ɗina wata guda bai gaya mini ba. Ya ba da aron keken ɗinkina, ya dawo babu ƙafa. Na ce wata rana mu zai bayar. To ga shi, ya ba da hayarmu!"

Ta danna waya. Duk ginin ya ji abin da ta faɗa: "Rufe kemis ɗin nan ka zo yanzu. A'a, ba wuta ba ce. Da ma wuta ce."

Kafin ya iso, matakala ta cika. Na sama sun sauko, na ƙasa sun hau, maigadi ya bar ƙofa, mai kawo ruwan roba ya ajiye kayansa ya samu wuri. Barni ya tsaya a bakin ƙofa cikin rigar da ta tsaya masa a gwiwa yana yi wa jama'a bayanin bambancin otal da gidan haya, yana cewa ƙaramin saɓani ne tsakanin ma'aikata, yanzu mai gida zai zo ya warware.

Sai ga ɗan siririn mutumin cikin hoto yana kutsawa, da farar rigar kemis, yana haɗa gumi. Wani ya ce, "Ga maigidan nan."

Barni ya buɗe hannuwa ya rungume shi har ƙafarsa ta bar ƙasa. "Ranka ya daɗe! Yau ga ni ga ka! Kai ne mai gida ko?"

"E... ni ne," in ji mai kemis, muryarsa tana fita ta cikin hammatar rigarsa ta kansa.

"Kun ji!" in ji Barni.

"Kun ji!" in ji Malama.

"Gaya mata ka karɓi kuɗina."

"Wane kuɗi?"

"Ina kuɗin?" in ji Malama.

"Wallahi ban taɓa ganin mutumin nan ba!"

"Ai ba mu taɓa haɗuwa ba," Barni ya gaya wa jama'a. "Ta waya muke yi."

"Ta waya!" in ji Malama. "Shi ya sa kwana biyun nan kake shiga banɗaki da waya!"

"Ƙwallo nake kallo!"

"Ka ce masa ya ji kamar gidansa?"

"Ni kaina ban taɓa ji kamar gidana ba!"

Matakala ta ɗauki dariya. Mai kemis ya dubi Barni sama da ƙasa, sai yanzu ya lura. "Wannan ba rigata ba ce?" Ya leƙa ciki. "Wannan ba abincina ba ne? Ina kyanwata?"

Malama ta juya kan matar Barni, wadda take neman bangon da za ta shige. "Ke kuma, wannan mutumin mene ne naki?"

"Maigidana ne," in ji ta, "Allah ya ba ni haƙuri."

"Maigida biyu ke nan a falo ɗaya," in ji maƙwabciya.

Barni ya ɗaga hannu. "Jama'a, a yi shiru. Ku bar ni da shi. Yanzu zan kira lambar da na biya, ku ji ta yi ƙara a aljihun bawan Allahn nan, magana ta ƙare."

Aka yi tsit. Ya danna, ya ɗaga wayar sama, ya nuna aljihun mai kemis da ɗan yatsa. Aljihu bai ce komai ba. Can sai waya ta fara ƙara a bayan jama'a, daga matakalar da ta hau sama. Kowa ya waiga. Wata dattijuwa ce zaune a kan matakala da tabarau a goshi, ta samu wuri mai kyau tun farkon rigima, kyanwar gidan tana kwance a cinyarta. Ta zaro wayar ta kara a kunne, tana kallon Barni ido cikin ido.

"Salamu alaikum," in ji ta. "Wane abinci?"

Barni ya dubi wayarsa, ya dube ta. "Hajiya, ba ni mai gida."

"Ni ce mai gidan."

"Uku ke nan," in ji maƙwabciya.

"Tun da ka ce ka sallami kyanwa na taso in ga abin da ke faruwa. Na hau na tarar da makullina yana nan a ƙarƙashin tukunya, ko taɓa shi ba a yi ba. Hawa na biyu na rubuta maka, ɗana. Nan hawa na nawa ne?"

"Na ɗaya!" jama'a suka amsa baki ɗaya, kamar 'yan ajin Malama.

"Ƙasa ɗaya," Barni ya fara, "nan..."

"Ƙasa ba hawa ba ce," in ji maigadi.

"Na gaya masa," in ji matarsa. "Da bakin nan na gaya masa."

Daidai nan Akanta ya iso, fes da shi, yana ƙanshin sabulun otal. Shi ta matakalar baya ya hau har hawa na biyu ya ƙwanƙwasa babu kowa, ya sauko ya bi hayaniya. Ya tsaya ya kalli surukinsa tun daga wuyan rigar har gwiwa. Ya ciro tabarau ya goge, ya mayar, ya sake kallo. Wannan ya fi zagi ciwo.

Sai aka ji wani sauti daga cikin falo. Mama ce. Dariya take yi, kafaɗunta suna rawa, ta riƙe hannun kujera, har numfashinta yana sarƙewa. Malama ta manta da faɗa ta ruga wajenta.

"Sannu Mama, ki yi haƙuri, ban ma gaishe ki ba."

"Ke za ki yi haƙuri, 'yata. Ni tun da na zauna na san gidan mutane ne. Kujerar nan ta lotsa daidai zaman mutum ɗaya, kuma ɗakin yana ƙanshin yara."

"Mama!" in ji Barni. "Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ka taɓa barin wani ya kai ƙarshen magana? Kuma na ce bari in ga inda za a tsaya. A otal ina zan samu wannan?"

Malama ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya ƙi. Ta fashe da dariya ta zauna a hannun kujerar. Akanta ya ce a tashi a tafi otal, akwai ɗaki. Mai gidan haya ta ce gidanta yana sama a share, an riga an biya. Mama ta ce ita gwiwarta ta gama hawa na yau, ko na ɗaya ne ko na biyu. Malama ta ce babu inda Mama za ta, akwai ɗakin baƙi, Mama da 'yarta su zauna, asibitin ma a hanyar makarantarta yake. Shi kuma wannan, ta nuna Barni da haɓa, ya haɗa mata fankarta, ya wanke kula, ya hau sama ya kwana shi kaɗai a gida sukutum.

"Fankar kam ku bar ni da..."

"A'a!" in ji matakala gaba ɗaya.

Dariya ta sa idon Mama ya yi ja yana ƙaiƙayi. Mai kemis, wanda tun da aka wanke shi daga zargi yake tafiya kamar an ƙara masa tsawo, ya karɓi maganin ɗigawa da likitanta ya ba ta daga hannun 'yarta, ya durƙusa, ya ɗiga mata a hankali, ya ce ta rufe ido ta ɗan jima. Ya tashi ya je wanke hannu. Barni ya ga wuri ya buɗe, ya yi maza ya durƙusa a gurbin da auduga a hannu, ko Allah zai sa a ce ya yi wani abu.

Mama, idonta a rufe, ta lalubo ta kama hannun shuɗiyar riga. Ta dafa shi.

"Ka kyauta, ɗana," in ji ta. "Ka kyauta ƙwarai."

Barni ya ji kamar an zuba masa ruwan sanyi a tsakiyar kai. Ya waiga ya nemi Akanta da ido. "Yaya, ka ji? Madam, kin ji? Jama'a, ku ne shaida!"

Mama ta buɗe ido ɗaya. Ta ƙifta, ta matso da fuska, ta dube shi da kyau.

"Af, kai ne? Na ɗauka mai gidan ne." Ta saki hannun rigar. "Tashi ka kai masa 'ka kyauta' ɗinsa. Ka haɗa masa da rigar."